Ƙullin da Na Kwance

Ranar da aka yi rabon barci a gidanmu ina jin an aike ni ɗebo ruwa, ƙanwata ta karɓi nata ta haɗa da nawa. Ni ce babba, shekara uku na ba ta, amma ban taɓa yin barcin da ya kai rabin nata ba. Ƙadangare ya bi ta kan kwanon rufi, na farka. Famfo ya ɗiga a tsakar gida, na farka. Maƙwabci ya yi atishawa a ɗakinsa, ni zan riga matarsa yi masa sannu. Babanmu, Allah ya jiƙansa, shi ya sa min suna Maigadi, ya ce tunda yana da ni ba ya bukatar kwaɗo a ƙofa.

Ita kuwa Kasa ya sa mata, macijiyar nan da ake cewa sai an taka ta take motsi. Kuma bai zalunce ta ba. An taɓa sauke ta daga kan gado tana barci, aka fitar da gadon rana saboda kuɗin cizo, aka zuba masa ruwan zafi, ya bushe, aka mayar da shi, aka ɗora ta a kai. Da ta tashi abin da ta tambaya kawai shi ne wa ya canja mata zanin gado. Sunan ya bi ta har gidan miji, ba ta kuma jin haushinsa. Ni ce mai jin haushi, don duk ƙuruciyata a gefen minsharinta na yi ta, idona biyu.

Mama wanki da guga take yi. Shagon a gaban gidan yake, ɗaki ɗaya mai teburin guga biyu da katakon jera kayan da aka gama. Wankin a tsakar gida ake yi, inda igiyoyin shanya suka yi layi biyar daga bango zuwa bango. In ta gama wa mutum kayansa sai ta ninke, ta ɗaure da guntuwar igiya, da wani ƙulli nata mai kunne ɗaya. Ka ja dogon ɓangaren igiyar iya ƙarfinka, ƙullin ƙara kamawa yake. Ka kama ɗan guntun bakin da ya leƙo a ƙarƙashin kunnen ka ja, sai ya warware gaba ɗaya. Ta koya mana har ta gaji. Nawa zamewa yake, na Kasa kuma sai an sa haƙori. Sai ta bar mana aikin kwancewa: mai kaya ya zo, mu kwance a duba masa, ita ta sake ɗaurewa. Na yi wannan aikin sau dubbai, har ya zamana in na ga kunnen nan hannuna yana kai masa kafin in yi tunani. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Lokacin da ciwon zuciya ya kwantar da Mama, Kasa ce ta karɓi shagon. Da safe ta zo daga gidan mijinta, da yamma ta koma. Ni aurena ya riga ya mutu, na dawo gida, ina aiki a wani kantin magani. Likita ya ce ruwa yana taruwa mata a ƙirji, kada a bar ta ta kwana ita kaɗai. Ba wanda ya tsaya tambayar wa zai kwana da ita, ga Maigadi a gida.

Na shimfiɗa katifa a gefen gadonta, gadon ƙarfe ne irin na da, mai sanduna a wajen kai. Kuma na yi gadin, ba ƙarya. Ta yi tari, na kunna fitila. Ta juya, na tashi na gyara mata matashi. Numfashinta ya canja, na ɗauko na'urar awon jini na ɗaura mata a hannu. Sau huɗu ina tashin mai tasin bayan layinmu mu tafi asibiti, sau uku a ciki likita ya duba ta ya ce mu koma gida. Wata biyar ina haka. Na rame, idanuna suka faɗa, kuma in faɗi gaskiya ina jin daɗin a ce na rame. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce Allah ya ba shi 'ya irina, ni kuma in sunkuyar da kai kamar ba na so.

Wata rana da ban je aiki ba, da rana tsaka, ina yanke mata farce, ta ce, "Maigadi, ina so Kasa ta riƙa kwana da ni."

Na ɗago. "Wace Kasa?"

"Kasa nawa na haifa?"

"Mama, wadda aka fitar da gado daga ƙarƙashinta fa."

"Ita."

Na ajiye abin yankan farcen. "Me na yi miki?"

"Ba abin da kika yi sai alheri. Allah ya yi miki albarka." Ta ja numfashi da ƙyar. "Amma in kina ɗakin nan ba na iya tari. Ya taso min sai in haɗiye shi, don na san da na yi za ki zabura. Ƙuguna ya gaji, ina so in juya, sai in tuna gadon nan yana ƙara. Shekaranjiya tun ƙarfe ɗaya nake jin fitsari, na riƙe har gari ya waye."

"To ai don wannan nake kwana a nan. Ki tashe ni mana."

"Ba sai na tashe ki ba, 'yar nan, matsalar ke nan. Ke ba kya barci, ni ma ba na yi. Kina gadina ina gadinki. So nake in yi nishina son raina ba wanda ya haska min fitila a fuska ya ce Mama ina ne yake ciwo. Ko'ina ne yake ciwo."

Da ina da hankali da na yi dariya, ko in yi kuka, in rungume ta. Amma ni zuciyata a wuya take. Abin da na ji kawai shi ne an zubar min da wata biyar kamar ruwan wanki, an zaɓi mai minshari a kaina. Na ce, "To." Duk wanda ya san ni ya san irin wannan to ɗin. Na ƙarasa yanke mata farcen, na naɗe katifata na kai ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida.

Kasa ta tsorata da maganar ƙwarai. Ta ce, "Mama, ki rufa min asiri. In wani abu ya taso ban ji ba fa?" Mama ta ce ba abin da zai taso sai abin da Allah ya kawo. Mijin Kasa direban babbar mota ne da ba ya cika kwana a gida, ya ce ba komai, ta je. Sai ta yi dabara. Ta yanko igiyar shanya mai ɗan tsawo, ta yi zobe a baki ɗaya wanda hannun Mama zai shiga kamar awarwaro, ɗaya bakin kuma ta ɗaure a babban yatsan ƙafarta.

Suka gwada da rana, lokacin da Kasa ta ɗan kishingiɗa bayan guga. Mama ta ja, ƙafar Kasa ta ɗaga sama, minshari bai tsaya ba. Ta sake ja, ƙafar ta sake ɗagawa. A na uku ta fizga, Kasa ta zabura tana cewa, "Na'am Mama, ga ni." Mama ta yi dariya har da hawaye, har tari ya sarƙe ta. Ina tsaye a bakin ƙofa, ban yi dariya ba.

Na ce, "Sau uku. Mai ciwon zuciya za ta ja buhu sau uku kafin a ba ta ruwa."

Kasa ta ce, "Haba Yaya." Mama kallona kawai ta yi.

Daga ɗakina ina jin komai. Ashe Mama tana da tari haka. Tana yi, tana nishi, gadon yana ƙara, wani lokaci in ji tana magana ƙasa-ƙasa da Babanmu da ya shekara tara da rasuwa, minsharin Kasa kuma yana tafiya kamar injin niƙa. Daren farko sau biyu ina zuwa har bakin ƙofarsu in juya, tunda an ce ba a son fitilata. Bayan mako guda abin ya ishe ni, ga ji ga hani. Na ɗebo auduga a kantinmu, na murza guda biyu na toshe kunnuwana. Na gaya wa kaina ai abin da ta nema ke nan. Ƙarya nake yi, fushi ne, kuma ban gaya wa kowa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Mama ta fara washewa. Da safe in shiga da magani in tarar fuskarta ta sake, tana tsokanar Kasa wai jiya minsharinta ya canja waƙa. In ajiye ƙwayoyin da ruwa, in duba ƙafarta ko kumburin ya ragu, in fita. Ban gaza mata da komai ba sai fuska.

Ran nan da yamma na kai mata maganin dare, ta riƙe min bakin zani. "Maigadi, zauna mana."

"Ina da wanke-wanke."

"Har yanzu fushin ne?"

"Wane ni in yi fushi. Ga mai gadinki can tana rufe shago."

"Ke da Babanku zuciyarku ɗaya," ta ce, tana murmushi. Ba ta saki zanin ba. "Kina samun barci dai yanzu?"

"Ina samu."

"To madalla. Abin da nake so ke nan."

Na zare zanina daga hannunta na tafi wajen kwanukana. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma kwanukan ko biyar ba su kai ba.

Da farko audugar rage ƙara kawai take, ba ta hana ni farkawa. A wannan daren kuwa, na goma sha tara da komawar Kasa ɗakin, ban san me ya faru ba. Ko gajiyar wata biyar ce ta taru ta danne ni, na yi barcin da ban taɓa yin irinsa ba tun da aka haife ni. Ko mafarki ban yi ba. Da na buɗe ido rana ta riga ta sauko rabin bangon ɗakin. Na zare audugar, na ji gidan shiru, sai minshari.

Kasa tana kan katifa, baki buɗe. Mama tana kwance ta gefen dama, fuskarta wajen Kasa, hannunta ɗaya ya sauko daga gadon yana taɓa ɗankwalin Kasa. Ba sai na ɗauko na'ura ba. Na taɓa goshinta, na taɓa wuyanta, sanyi ya riga ya kama. Ba alamar ta sha wahala, mayafinta ma a gyare yake.

Sai na ga igiyar. Ta taso daga yatsan Kasa, ta bi gefen katifa ta hau sama, amma ba hannun Mama ta je ba. A sandar gadon take ɗaure, ta biyu daga bango, zoben yana lilo. Ƙulli mai kunne ɗaya, tsaf, kamar za a miƙa wa mai kaya.

Na daɗe ina tambayar kaina ko da gangan na yi. Abin da na sani shi ne hannuna ya kai, ya kama guntun bakin, ya ja, ƙullin ya warware. Wannan zan iya cewa sabo ne. Abin da ya biyo baya ba sabo ba ne. Na tsaya da igiyar a hannuna, na gane abin da ƙullin yake faɗa: Mama ba ta kira kowa ba, ba ta kuma so a tashi kowa. Ta samu abin da ta roƙa, ɗakin da za ta yi ciwonta ba mai tsaya mata a ka, kuma sai da ta fitar da ni ta same shi. Haushi ya kama ni. Na naɗe igiyar a hannu na fizga da duk ƙarfina.

Kasa ta zabura. "Na'am Mama, ga ni."

Na saki igiyar ta faɗi. Ta murza ido, ta kalli Mama, ta kalle ni, ta kalli zoben a ƙasa. Ta taɓa hannun Mama ta janye nata da sauri.

"Yaya, ke kika ja ni yanzu?"

"Ni ce."

"Zoben, daga hannunta kika cire?"

"Ba a hannunta na same shi ba."

Ban yi ƙarya ba, kun gani. Ai ni ba na ƙarya.

"To ta ja har ya zame ke nan," ta ce a hankali. "Ta ja ni, Yaya? Ta ja ban ji ba?"

Na ce, "Ni za ki tambaya? Ke kika kwana da ita."

Da masu gaisuwa suka cika gidan, Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ta faɗa a gaban kowa. "Amma dai wa ya ba da shawarar a bar mara lafiya da Kasa? Da Maigadi ce a ɗakin, ko numfashi ta canja za ta ji." Aka ce kwana ne ya ƙare, haka ne, amma ana faɗa ana kallon Kasa ta gefen ido. Ni aka riƙa dafa wa kafaɗa ana cewa in yi haƙuri, na yi iya ƙoƙarina. Audugar tana cikin aljihun rigata, ina zaune ina karɓar sannu. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiran ta Kasa a gabanta, sunan ya daina zama wasa. Sai dai a ce ƙanwar Maigadi, ko mai wanki.

Haka muka yi wata bakwai. Tana buɗe shago da safe, ni ina fita ta ƙofar baya. In mun haɗu ta ce, "Ina kwana Yaya," in ce, "Lafiya lau," kowa ya wuce. Igiyar na ɗauke na sa a ƙasan akwatina. Sau da yawa na shirya maganar a bakina, sai in tuna in na faɗi ƙullin dole in faɗi abin da ya sa na ɓoye, in na faɗi wannan kuma dole in kai ga audugar. Sai in ce gobe.

Wata ranar Talata da la'asar kantinmu ya cika, ina bayan kanta ina zuba ƙwayoyi a leda, na ga Kasa ta shigo ta bi layi a bayan wani tsoho kamar baƙuwa. Kullum ina hangen ta daga nesa, amma ban taɓa ganin ta a ƙarƙashin farar fitilar kantin ba. Ƙashin wuyanta ya fito, ƙasan idonta ya yi baƙi, a hannunta akwai tabon dutsen guga har uku, ɗaya sabo ne. Matar da ta shekara ashirin tana guga ba ta taɓa ƙonewa ba.

Da layi ya zo kanta ta ce, "Yaya, maganin barci nake so."

"Na wa?"

"Nawa."

Saura kaɗan in yi dariya, irin dariyar nan mara daɗi. Kasa ta kasa barci. Da Babanmu yana raye da ya ce duniya ta zo ƙarshe.

Ta matso kusa, ta rage murya. "Da na fara lumshe ido sai in ji an ja min yatsa. In zabura in ce ga ni, ba kowa. Sau goma, sau ashirin, har gari ya waye. Maigidan in ya dawo a falo yake kwana. Jiya a tsaye barci ya ɗauke ni na ƙone rigar mutane." Ta kalli tabon hannunta. "Ke kin san magani, kin san ciwo. Abu ɗaya zan tambaye ki, kada ki ɓoye min. Mai irin ciwon Mama, in abin ya zo, minti nawa yake ɗauka? Tana ja tana ja ina kwance, minti nawa? Biyar? Ko awa ne?"

Ga mutane a bayanta suna jira, wata mata tana jijjiga jariri. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba a ba da maganin barci sai da takardar likita."

Ta kalle ni, ta gyaɗa kai. "To Yaya. Allah ya ba da kasuwa." Ta juya ta fita.

Na sallami mutum biyu, na miƙa wa na uku maganin da ba nasa ba, mai kantin ya karɓe daga hannunsa ya ce in je gida in huta. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Duk watannin nan ina ɗauka shiru kawai na yi mata, ashe kowane dare ina tsaye a kanta ina fizgar igiya.

Na wuce ɗakina na zaro igiyar daga akwati, na zagayo na shiga shagon ta ƙofar gaba, abin da ban yi ba tun rasuwar. Kasa tana gugar zanin gado, rana tana shigowa ta taga, tururi yana tashi. Ta ga abin da ke hannuna, dutsen gugar ya tsaya.

Na ce, "Kin tambaye ni minti nawa. Ban sani ba. Amma ba ta ja ki ba."

"Yaya, kada ki lallashe ni."

"Ni na taɓa lallashin wani? A jikin gado na same ta. A ɗaure."

Na durƙusa na yi ƙoƙarin ɗaurawa a ƙafar tebur in nuna mata. Ya zame. Na sake, ya sake zamewa. Na ce, "Kin san ban iya ba. Irin nata ne. Ni na kwance."

Ta ƙura wa ƙafar teburin ido. Can ta ce, "Kunne ɗaya?"

"Kunne ɗaya."

"A wace sanda?"

"Ta biyu daga bango."

Ta ajiye dutsen gugar a tsaye, ta miƙo hannu, na ba ta igiyar. Ta bi ta da yatsa daga wajen zoben, ta tsaya inda igiyar ta murɗe ta yi ja da tsatsa.

"Kullum da safe ina ganin wannan," ta ce. "In tashi in ga zoben a hannunta, amma nan wurin a murɗe, da tsatsa. Na rasa daga ina. Dare goma sha tara ban taɓa jin ta ja ni ba, in tambaye ta ta ce lafiya lau ta kwana. Da ta rasu sai na ce ashe kullum tana ja, ni ce ba na ji, tana rufa min asiri." Ta shafa wurin tsatsar. "Ashe ɗaurewa take in na yi barci. Da asuba ta mayar."

"Ranar ce ba ta kai ga mayarwa ba. Da na shiga hannunta yana kan ɗankwalinki."

Na zaci za ta yi kuka. Ba ta yi ba. Ta ɗago ta kalle ni da idanun nan da suka faɗa. "Wata bakwai, Yaya."

"Da saura," na ce. Na gaya mata maganar audugar. Na gaya mata a daren da kowa yake cewa da Maigadi ce da ta ji, Maigadi tana ɗakinta kunne a toshe, tana barcin da ya fi nata nauyi. Na gaya mata ba haushinta nake ji ba, na Mama ne, don ta ce gadina ya hana ta tari. Kuma tunda ba ni da bakin jin haushin wadda ta tafi, sai na sauke a kan wadda ta rage.

Ta zare wayar dutsen gugar daga bango, ta naɗe ta a hankali ta ajiye.

"Kada ki ce in yafe miki yau," ta ce. "Ba zan iya ba, kuma ba na so in yi miki ƙarya."

"Ban ce ba."

"Gwaggo kuma ke za ki je ki gaya mata da bakinki."

"Zan je."

Ta zauna a kan tulin zannuwan gadon da ke jiran guga a kusurwa, ta jingina da bango, igiyar tana kan cinyarta.

"Da gaske hannunta yana kaina?"

"Da gaske."

"Ranar kafin mu kwanta ta ce min in rage sa bula a fararen kaya, wai ina mayar wa mutane da riguna kamar..."

Ba ta ƙarasa ba. Kanta ya karkata gefe.

Na tsaya ina jira ta zabura. Ina ƙirga numfashinta, don sabo, ashirin, hamsin. Yatsan ƙafarta ya motsa sau ɗaya, sai ya kwanta. Can sai ga minsharin, siriri da farko, kamar yana neman hanya.

Na zauna a kan benci. Wani mutum ya leƙo da ƙunshin kaya a hammata, na ɗaga masa hannu na yi masa alama ya dawo gobe. Rana ta bar taga ta sauka ƙasa. A da ko ganga aka kaɗa a kanta ba za ta motsa ba, amma yanzu ban san irin barcin da na bar mata ba. Ƙuguna ya gaji, ina so in gyara zama, na tuna bencin nan yana ƙara. Ƙurar sabulu ta shiga maƙogwarona, tari ya taso min. Na haɗiye shi.